Goran Jatau da Tankin Motata

Ni dai tun ina ƙarami ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Boko aji uku na yi, shi ma rabin karatun daga kan mangwaron bayan aji na saurare shi. Tatsuniyoyin kakarmu Iya Delu ma haka na yi musu: farkonsu duk na sani, ƙarshe kuwa sai ɗaya-ɗaya. Ban taɓa zaton wannan zai dame ni ba sai bana, da furfura ta gama cinye gemuna, aka kusa raba ni da motata saboda ƙarshen wata tatsuniya da ban tsaya na ji ba.

A ƙauyenmu, can gefen Gubuchi, lokacin rake shi ne lokacin tatsuniya. Tun safe doki ke zagaye yana juya injin matsa, ruwan rake na gangarowa, ana juye shi cikin manyan kasake ana dafa mazarƙwaila. Iya Delu ce mai kula da wutar kaskon ƙarshe. In maza sun tafi sallar magariba sukan zauna a masallaci har isha, to wannan ɗan tsakanin namu ne. Mu kewaye ta, bayanmu na jin sanyi gabanmu na gasuwa, ita kuma tana tura busasshiyar tuƙar rake cikin wuta da wani guntun ice. Ƙamshin nan har yau in na ji shi a hanya sai na rage gudu.

Ba ta farawa kamar sauran tsofaffi. Sai ta ce, "Mai jin fitsari ya tashi yanzu, mai jin ƙishirwa ga randa can. In na kama bakin zare ba na saki."

Mu ce, "Mun zauna, Iya."

Sai ta harare ni. "Ban da mijina. Shi ƙaya ake shimfiɗa masa. Zauna, maigida marar cefane."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Jatau. Wai Jatau manomi ne, ya tarar da akuyar wata tsohuwa ta kafe a taɓon fadama, ya shiga har ƙugu ya fito da ita. Ashe tsohuwar ba mutum ba ce. Ta ba shi wani gora mai siririn wuya, ta ce nonon cikinsa ba ya ƙarewa. A kafaɗar goran akwai wata 'yar huda kamar ta allura. Ta ce masa, "Baki naka ne. Wannan 'yar hudar ba taka ba ce, kada ka kula ta."

Gidan Jatau aka shiga daula, har karen gidan ya yi kumatu. Ana nan, ran nan sai ya ga tururuwa sun yi layi zuwa kafaɗar goran. Ya duba, ashe ɗan nono ne ke tsattsafowa ta hudar. A nan Iya takan maƙale murya, ta ɓata fuska kamar mai ciwon haƙori: "Ɗigo ɗaya yau, ɗigo ɗaya gobe. Ni na shiga taɓo, tururuwa su sha?" Jatau ya kasa cin tuwo, ya kasa noma. Ya je ya ɓamɓaro ƙaro a jikin itace, ya ɗumama shi, ya liƙe hudar tsaf.

Washegari ya karkata gora, ya yi ɓul-ɓul sau biyu ya yi shiru. Ya girgiza, ga shi cike. Ya ajiye, can anjima ya ba da kaɗan, ya sake ɗaukewa. Jatau ya ce wuyan ne ya toshe. Ya zura tsinke, ya wanke da yashi, a banza. Ya kai wa gyartai mai ɗinkin ƙwarya, aka yanke wuyan aka ɗinka sabo. A banza. Ya saɓa gora ya nufi wani gyartan a wani gari.

To daidai nan ake sauke kasko a zuba mazarƙwaila a ƙananan ƙore, a bar ƙanzo yana kiran sunana a bakin kaskon. Sauran yara sukan jira a gama a raba. Ni kuwa sai in ja gindi, in ja gindi, in ɓulla ta bayan Iya. Ba ta ko waiwayowa. Sai dai in ji ta ce, "Ku bar shi, mijina ya tafi nemo cefane." Shekara uku ina barin Jatau a hanya da goransa. Yayata Dije kuwa ko motsi ba ta yi sai an shafa.

Motar da nake magana tsohuwar a-kori-kura ce, ta girmi babban ɗana. Ta ɗauki rake, ta ɗauki tumatir zuwa Ikara, ta ɗauki amare da masu naƙuda. Yanzu ba ta haya, ita ce ƙafata kawai. Gwiwoyina sun daina yarda da hawa babur. In babu ita, sai tabarma a zaure da rediyo, ni kuwa in na yini a gida ji nake kamar cinnaku sun shiga rigata.

Bayan damina ta ɗauko wani hali. Ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta fara shaƙewa. In taka totur ta yi kamar za ta amsa, sai ta mutu. In ta huta, ta tashi kamar ba ita ba.

Na kai ta wajen Lawal bakanike a Makarfi. Ya ce, "Baba, mai ne ba ya isowa kafireto. Famfon mai ya gaji."

Ya zare tiyo ya ce in murɗa makulli. Fetur ya yi tsartuwa har gaban rigarsa.

Na ce, "Wannan ne gajiyayyen? Ni da zan yi ƙarfinsa ai da na ƙara aure."

Ya ce, "A nan yana turawa. In ya ɗau zafi yake kasawa."

Aka sa sabo. Kafin in kai Dandamisa ta mutu. Aka canja filta. Lawal ya hura tiyo da baki har idanunsa suka yi ja. Aka kwance kafireto aka wanke, aka sauke tanki aka ɗauraye ɗan tsatsan da ke ciki. Aka sa famfo na biyu, sannan na uku, irin na wuta mai ƙas-ƙas kamar agogo. Kullum a gareji lafiya lau, a hanya sai ta kunyata ni. Daga ƙarshe Lawal ya ɗaura jarka a kan rufi, ya jawo tiyo kai tsaye zuwa kafireto, ya ce in lallaɓa da haka kafin ya samu sararin kwance layin man gaba ɗaya. Wallahi da jarkar nan na je Kudan na dawo ko tari ba ta yi ba.

Da jarkar kuma babban ɗana ya gan ni. Sunan mahaifina gare shi, shi ya sa muke ce masa Abba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya tambayi gona, sannan ya ɗaga kai.

"Baba, wuta fa ka ɗora a kanka."

Na ce, "Fetur ne. Wuta tana cikin ashana."

Bai yi dariya ba. Ya ce shi da ƙannensa sun yi magana, sun kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe su yayyanka, ran Asabar za su zo. Duk inda nake son zuwa a gaya masa, in ya samu hutu zai kai ni. In ya samu hutu. Na ji kamar an ce ga kabari an haƙa, sai dai a jira ni.

Na ce a yi mini alfarma ɗaya. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci mu tafi Saulawa mu gaida Yaya Dije, ni da shi, babu jarka. In ta je ta dawo ba ta mutu ba, a bar mini ita. Ya ce to. Abin da na dogara da shi kuwa, ko ni ban sani ba.

Sau uku ta mutu kafin Saulawa. Kowane karo in sauka in yi abin da na saba. Murfin tankin ya ɓace tun cikin damina, na manta shi a kan rufi wajen masu sayar da mai a bakin titi. Da farko tsumma na cusa, kamar yadda kowa ke yi. Sai na riƙa jin warin fetur da rana, wani kuma ya ce mini ai tashi yake yana bin iska. Zama ya gagare ni. Na ninka leda uku na rufe bakin, na naɗe da robar cikin taya har sai da yatsana ya yi ciwo. To ita nake kwancewa in zura kara in ga ko man ya ƙare, don allurar mai ta daɗe da rasuwa. In ga mai, in mayar in ɗaure, in shafa bayanta, in yi bisimilla. Ta tashi. Ni a zatona lallashin ne ke aiki. Abba na zaune yana kallona, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Mun sami Yaya Dije a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idanun sun yi rauni. Aka gaisa, aka tambayi kowa har awaki. Ta ce me ya tsayar da mu. Abba ya kwashe duka ya faɗa mata.

Ta ce, "Famfo nawa ka ce, Abba?"

"Uku, Gwaggo."

Ta yi dariya har gyaɗar ta zube. "Wuya uku ke nan. Ashe Jatau a gidanmu ya dawo."

Na matsa kusa. Na ce, "Yaya, don Allah, yaya ta ƙare?"

"Oho. Sai yau ka samu wurin zama?"

Sai da ta ja mini rai sannan ta ba ni. Wai da wuya na uku ya ƙi, Jatau ya fusata ya ce sai ya ga abin da ke ciki yake hana shi. Ya maka goran a kan dutse. Nono ya malale ƙasa ta shanye. Ya tsuguna yana jujjuya sakaina, babu komai, sai guda ɗaya mai ɗauke da ƙaron da ya liƙa da hannunsa. Tsohuwar ta ɓullo ta ce masa, "Ta nan yake numfashi. Iska ta shiga, nono ya fita." Daga nan, in ji Yaya, Iya takan karkaɗe zane ta ce wuta ta kwanta, labari ya bi ta, kowa ya nemi takalminsa.

Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina. "To kai me ka liƙe?"

Na miƙe. Na fita, na kara kunne a bakin tanki, na sassauta robar a hankali. Fuuu. Iska ce ke kutsawa ciki. Na sha jin wannan ƙarar, ni ina cewa ajiyar zuciya take yi don na kula ta. Famfo uku na sa suna zuƙar tankin da na shaƙe wa hanci. Jarkar Lawal kuwa murfinta a sake yake.

Na ari basillar Yaya na huda ledar. Na so ƙwarai in ɗora wa Lawal laifin, amma ba ya nan, ga Yaya kuma da kunnuwa kamar na zomo. Dole na gaya wa ɗan cikina cewa ubansa ne ciwon motar.

Ya ce, "Amma Baba, zuwa da dawowa muka ce."

Na ce, "Zuwa ya lalace, na yarda. Ka ba ni dawowa."

Ta kawo mu gida a numfashi ɗaya. Ban tsaya ba, na wuce ƙofar gidan, na kai Makarfi na zagayo, don kada a ce dace ne. Sannan na dawo na kashe ta a ƙofar gida.

Yaya ta ce Iya kan ce tatsuniyar jan kunne ce ga marowata. Ni da na ji ƙarshenta da furfura, ban ga rowa ba. Mutumin da karensa ya yi kumatu ai ba marowaci ba ne. Tsoro ne. Ya ga abu mai daraja yana raguwa kaɗan-kaɗan, ya kasa jurewa, ya rufe shi ruf don ya tsare shi. Da ya lalace kuma ya bi gari-gari yana neman mai laifi, ko'ina ya duba ban da inda hannunsa ya taɓa. Na yi wa tankina haka. Abba ma, Allah ya yi masa albarka, abin da yake shirin yi mini ke nan da tabarma da rediyo. Yana ganin ina raguwa, yana so ya adana sauran. Ban gaya masa haka ba. Wanda ya sa aka canja famfo uku a banza ba shi da bakin wa'azi.

Ran Asabar 'yan gwangwan ba su zo ba. Abba ne ya zo, da murfin tanki na gaske a aljihu, mai 'yar hudarsa. Ya ɗaura da kansa, sannan ya durƙusa ya kafa mini doka: kada in wuce Ikara, kada in wuce Kudan, waya kuma kullum ta kasance da caji. Na ce to, na ji, Allah ya ba ka masu yi maka.

Wayar dai da cajinta, ba zan yi ƙarya ba. Da ita na kira shi jiya daga Zariya na ce a ajiye mini tuwo.