Gonar Laminu da Jirgin Jidda

Laminu mutumin Mallawa ne, manomin gero da gyaɗa. Da rani yakan kora jakuna zuwa Kano da buhunan gyaɗa, ya dawo da goro da gishiri. Dogo ne, ba ya da yawan magana. Gonarsa tana gabas da gari, ƙasa mai kyau, wadda ya gada daga ubansa.

A wancan zamani, wanda zai tafi Makka a ƙasa yake tafiya, ta Borno da Wadai da Sudan, yana tsayawa yana ƙwadago a hanya. Wani ya yi shekara biyar, wani ba a sake jin labarinsa ba. Saboda haka mai tafiya yakan damƙa gonarsa ga ɗan'uwa a gaban maigari. A shekarar 1955, da aka yi ruwan fari, Laminu ya yi haka. Ya ce wa ƙanensa Zakari, "Taka ce har in dawo."

Zakari bai taɓa mallakar gona ba. Ya kwashe takin gidansu kaf ya zuba, ya yi shuka, ya kuma je neman auren Kaltume. Iyayenta suka amince saboda sun ga yana da inda zai noma.

Da Laminu ya isa Kano, ya sauka a gidan ɗan kawunsa, wani ɗan kasuwa. Shi ne ya hana shi tafiyar ƙasa, ya sayar masa da jakunansa, ya cika masa kuɗin jirgin sama. Daga baya ni mai ba da labarin nan na auna tsakanin Kano da Jidda a taswirar makarantar mishan ta Dungas, na samu kilomita dubu uku da ɗari huɗu ko kusa da haka. Laminu ya ce sun tashi da hantsi, sun sauka sau biyu an sha mai, washegari suna Jidda.

Gero bai fid da kai ba sai ga Laminu a ƙofar gida. Zakari yana wasa hauya.

"Yaya! Lafiya? Hanya ce ta ƙi?"

"Na je na dawo."

"Ka je ina? Borno?"

"Makka, mana."

Zakari ya ajiye hauyar. Ya yi masa barka da zuwa, ya kawo ruwa, amma muryarsa ta mutu. Kowa ya san abin da aka faɗa a gaban maigari, kuma ga mai gona ya dawo. Kafin la'asar uwar Kaltume ta aiko a tambayo inda aka tsaya.

Laminu ya zaga gonar washegari, ya ga takin, ya ga yadda aka yi noman fari. Sannan ya kira ƙanensa gaban maigari.

"Ranka ya daɗe, da na ce har in dawo, tafiyar ƙafa nake nufi, shi ma ita ya ji. Jirgi ne ya yi gaggawa, ba yaron nan ba. Ya riƙe ta shekara biyar."

"Kai fa, Alhaji, me za ka ci?" in ji maigari.

"Akwai daji a arewa, zan sare."

Bayan girbi aka ɗaura auren Zakari. Laminu kuwa ya ɗauki gatari ya buɗe sabuwar gona a jigawa, mai wuyar noma. A can ya tsufa, bai taɓa komawa kan ta gabas ba.