Hular Kwano ta Uku

Loretta Faye Tidwell, 9 ga Afrilu. Sunan yana rubuce a ƙirjin rigar aikinta, ranar kuwa ita ce ta uku da guguwa ta share rabin garin nan na jihar Alabama a Amurka. Tana tsaye gaban mai kanti, da ɗinki a goshi da takalmin maza a ƙafa. Mai yiwuwa nata yana ƙarƙashin ɓaraguzai. Talabijin ɗin bango yana sanar da cewa wata guguwar tana tafe kafin ƙarfe biyar.

Hulunan kwano uku ta saya wa yaranta don kare kawunansu daga guguwar, tana rubuta suna da lambar waya a cikin kowace, domin a san ɗan wa aka tsinta. Ta gama biyu. A kan ƙaramar, hannunta ya tsaya bayan harafi biyu.

"'Yata, hanzarta mana, hadari ya haɗo," in ji tsohon mai kantin. "Ko sunan autan ne ya ɓace miki?"

"Bai ɓace ba, Baba. Jiya muka binne shi. Hannuna ne ya saba da uku."

Jiniyar gargaɗin guguwa ta ɗau kuka. Loretta ta rungumi biyun ta fita a guje. Ƙaramar tana nan kan tebur, sunan bai cika ba.