Takalman Ƙofar Mak Cik Zaleha

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, bayan la'asar, mahaifiyata ta hawo bene ta ce mini kin rasu, Mak Cik Zaleha, wato Inna Zaleha a harshenmu. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Littafin soyayyar da ke hannuna har yau yana kife a shafin da na tsaya.

Shekara uku ina leƙen gidanki ta tagata, ban taɓa iya gaishe ki da ƙarfi ba. Takalman ƙofarki nake kallo, duk na masuntan garinmu ne, wasu da ɓawon kifi a manne. Na kitsa a raina cewa saurayinki ne ya ɓace a teku, kike neman fuskarsa a cikinsu. Ashe tsohuwar nas ce ke. Masu yi wa kansu allurar ƙwaya kike ba sabuwar allura, ki zauna kina tsaronsu har numfashinsu ya daidaita. Unguwa ta ce kin tara mana 'yan maye. Amma tun da kika buɗe ƙofar nan ba a sake tsintar gawa a bayan kasuwar kifi ba, yara ma sun daina taka allura a bakin ruwa.

Ran da na hango silifas ɗin yayana Hairul a ƙofarki, wanda na ɗaure masa igiyarsa da zaren komar kamun kifi, na sauko daga bene. Kika fito kika dube ni.

"Ke 'yar taga, yau kin sauko? Matso, ba na cizo."

Na ce, "Mak Cik, mutuwa zai yi?"

"Ba dai a ɗakina ba, in Allah ya yarda. In kin ga takalminsa nan, koma karatunki. Ran da ba ki gani ba, ki zo da gudu."

Sau biyu numfashinsa na ɗaukewa, sau biyu Allah na dawo da shi ta hannunki. Me ya kai ki wannan aiki? Wa kika rasa? Ba ki taɓa jin tsoro ba? Kullum sai in ce gobe zan tambaye ki.

Yau kwana shida ƙofarki a kulle, ko takalmi ɗaya babu. Hairul ya fita tun safe. Wurin wa zan je da gudu, Mak Cik?

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya ba 'yarki Liyana da jikokinki haƙuri. Ni kuma ya nuna mini silifas ɗin nan a ƙofar gidanmu kafin magariba.