Akuyar da Aka So In Kai Asibiti

Ranakun aikin nan da yawa sun zube mini daga ka, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka nemi in yi wa wani mutum ƙarya a kan akuyarsa ba. Ku sababbin ɗauka ku matso kusa, don wannan ba ya cikin abin da aka karantar da ku a lakkwal.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin sashen kiwo, wanda mutanen ƙauye ke kira likitan bisashe. Ga wanda bai san tsarinmu ba: akwai darakta a Mayahi, shi ke da kujera mai juyawa da fanka. Ƙarƙashinsa akwai shef-shef, wato shugabannin ƙananan biro, ofisoshinmu ke nan. Can ƙasa kuma akwai irina, masu moto, wato babur, da akwatin ƙanƙara da ciwon baya. Bayan girbi ake fita zagayen allurar rigakafi, kuma a shekarar ni aka jefa ƙauyukan Issawane, inda rabin tafiyar moto ke ɗaukarka, rabi kai ke tura shi cikin rairayi.

Aikin ba shi da wani sirri. Maigari ya sa a yi shela, a taro bisashe bakin rijiya, mu soka allura, mu yi ɗan yanka a kunne don shaida. Naman da za a sayar kuma sai mun duba shi mun buga tambari. Sai dai akwai doka guda da ba a rubuta ba, wadda tsohon shef ɗina ya cusa mini har na gaji da jin ta: kafin ka taɓa bisa, ka nemi mai ita. Garken gida guda na mutane da yawa ne, wannan ta tsohuwa, waccan ta amarya, wancan ragon na wanda ke ci-rani. Shef yakan ce wanda ya fi kowa ɗaga murya a bakin garke, sau tari ko kaza ba ya da ita.

Ran nan mun gama allura rana ta take, ina ɗaure kaya, sai wani magidanci mai suna Ilya ya ja ni gefe, ya ce akwai akuya kwance a gidansa. A bayansa na hango sarkin fawan garin yana biye da mu, yana ta kallon sama kamar mai neman wata, ga ƙotar wuƙa ta leƙo daga aljihunsa. Ungulu ba ta jewar banza.

Muka shiga. A gindin itacen bedi na tarar da jar akuya kwance, kanta bisa cinyar wani mutum yana kore mata ƙuda da faifai. Shi ne Laminu, ƙanen Ilya. Gajere ne, mai zagayayyar fuska da ƙananan idanu da gajerun yatsu, ga 'yar furfura ta fara leƙowa a haɓarsa. Da ganinsa na gane lalurar, don matata ungozoma ce a Tasawa. Likitocin mutane suna ce mata tirizomi. Da ita ake haihuwar mutum, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Harshe kan yi nauyi, koyo kan zo a hankali, amma mutum ne cif, yana ji, yana so, yana fushi.

A garin kuwa an raba Laminu gida biyu. Lokacin shuka waliyyi ne, mata na kawo masa irin gujiya ya taɓa don albarka, duk abin da ya faɗa a ce amin ko ba a ji shi ba. Sauran watanni yaro ne, ana magana a kansa yana zaune kamar ana magana a kan turmi.

Na duba akuyar. Ta rame sai ƙashi, cikin ido fari fat, ciki kuwa ya kumbura. Da na danna gefen hagu sai na ji dunƙule mai tauri. Leda ce. Kun san ta, ita ce furen da ke tohowa a kan ƙayar kowane gari rani da damina, awakinmu kuma ba sa raina abinci. Da an kira ni tun tana tafiya da ƙafarta, da sai a gwada yi mata fiɗa a Mayahi. Amma wadda ta kasa ɗaga kai, ba abin da ya rage sai wuƙa, kafin ta mutu a yi asarar naman.

Na faɗa wa Ilya haka a zaure. Ya ce ai ya sani, ba don wannan ya kira ni ba.

"Likita, taimako za ka yi muna. Ka ce mashi asibiti za ka kai ta Mayahi. Ka aza ta bisa moto, sarkin hwawa na jiranka bayan gari. Shi ke nan, an rabu lahiya."

Na ce, "Akuyar ta wa ce?"

"Tashi ce. Inna ta ba shi ita tun tana 'yar ƙarama."

"To ina Innar?"

Ya yi ƙasa da murya. "Ta rasu, damina biyu ke nan. Amma shi bai sani ba. Mun ce mashi tana asibitin Maraɗi. Ko wace ranar kasuwa shina zuwa bakin tasha shina jiran ta."

Ashe garin kaf, har da liman, sun haɗa baki a kan wannan. Kada ku ɗauka Ilya mugu ne. Idonsa ya kawo ruwa yana faɗa, kuma shi ke yi wa ƙanen nasa aski da hannunsa. Tsoronsa shi ne in Laminu ya ji, ya daina cin abinci ya bi uwar. Amma ni raina ya ɓaci. Na ce masa da farko dai moto na gwamnati ne, ba a ba ni shi don jigilar akuya mai shirin mutuwa ba. Na biyu, naman da aka yanka mai shi bai sani ba, ko da bismilla aka yanka, sunansa sata, ni kuma tambarina ba ya hawa kansa. Na ce, "Asibitin nan da kuke kai mashi kowa, in ya cika ina za ku koma?"

"Ba shi ganewa, Likita."

"An gwada?"

Sarkin fawa ya sa baki ya ce rana na yi, rai kuma ba ya jira. Na ce ya samu inuwa ya zauna. A ƙarshe Ilya ya yarda in yi maganar akuya, amma ya roƙe ni don Allah kada in taɓa zancen Inna. Na ce wannan na gidanku ne, ni likitan bisashe ne.

Na koma gindin bedi, na cire takalmi, na zauna a ƙasa kusa da Laminu. Na yi masa sallama na ba shi hannu, muka gaisa gaisuwar manya, da gajiya da gida da rana. Ya dube ni da mamaki, sannan ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi sunan akuyar. Ya faɗi wata kalma ban ji ba. Ilya, da ke tsaye a kanmu, ya buɗe baki zai fassara, na ɗaga masa hannu. Na ce, "Malam Laminu, ban ji ba, maimaita mini." Ya maimaita, ban ji ba. A karo na gaba ya ja kalmar a hankali, yana dubana irin duban da ake yi wa ɗalibi mai taurin kai. Sunanta Hajiya.

Na kama hannunsa na ɗora a gefen cikinta, na danna da shi. "Ka ji wanga tauri? Leda ce. Ta cika cikin." Na dakata. Shirun ya yi tsawo, har na ji sarkin fawa yana tsaki a zaure. Shi ne wuri mafi wuya, don bakin ma'aikacin gwamnati ba ya son zama a rufe.

Can ya ce, "Ka yi mata allura."

"Allura ba ta hidda leda."

"Tana jin ciwo?"

"Tana ji ƙwarai."

"Mutuwa za ta yi?"

"I. Yau ko gobe. In an yanka ta yanzu, ciwon ya ƙare, a ci nama. In an bar ta, ta mutu da kanta, a yar. Taka ce. Abin da ka ce shi za a yi."

Ya sunkuyar da kai ya yi kuka, kuka sosai, yana shafa wuyanta. Ilya ya harare ni harara mai cewa ka ga abin da nake gudu. Ni ma na fara tunanin ta wace ƙofa zan fita da moto. Muka bar shi ya yi kukansa. Da ya gama ya share fuska da gefen riga, ya ce a kira liman ya yanka, shi ba ya son wuƙar sarkin fawa. Sannan ya ce ba za a sayar da ko tsoka ba.

"Sadaka za a yi. Sadakar Inna."

Ilya ya durƙuso da sauri. "Wace sadaka kuma, Laminu? Inna tana Maraɗi."

Laminu ya girgiza kai. Ya nuna gabas da hannu, wajen maƙabarta. "Inna na can. Na ga anka ɗauke ta. Ina bayan rumbu."

Wallahi ko kazar gidan ba ta yi motsi ba. Ilya ya ce, "To tashar da kake zuwa?"

"Ƙosai aka ba ni."

Dariya ta kusa kuɓuce mini, na danne ta da tari. Ilya ya ce to me ya hana shi faɗi tun tuni. Laminu ya daɗe yana harhaɗa maganar, kuma wannan karon ba wanda ya yi gigin ƙarasa masa.

"Yaya, ba ka so a hwaɗi. In an ce Inna, kuka kake." Ya dafa kafaɗar wansa. Sannan ya juyo gare ni, ni baƙo, ya ce, "Kowa an yi mashi gaisuwa. Ni ba a yi mini ba."

Na yi shekaru ina ganin mutuwar bisashe da hawayen masu su, amma ban taɓa jin magana irin wannan ba. Damina biyu mutum na ɗauke da rasuwar uwarsa shi kaɗai, yana lallaɓa mutanen garin da ke ganin su ne ke lallaɓa shi. Ban san abin da littafin aiki ya ce a nan ba. Na gyara zama, na ɗaga hannuwa na yi wa mamaciyar addu'a, na shafa. Na ce, "Malam Laminu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta."

Ya gyara zama shi ma, ya ce, "Haƙuri da godiya. Amin." Daidai yadda ake amsawa. Ya daɗe da haddace ta, jira kawai yake a tambaye shi.

Ilya ne ya biyo baya, ya yi wa ƙanensa gaisuwa. Kafin la'asar an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Laminu na zaune a tsakiya da hularsa ta Juma'a, maigari da liman da matan da ke kawo masa gujiya suna zuwa suna yi masa gaisuwa, kowa na sunne kai. Har sarkin fawa ya zo, ya yi gaisuwa biyu a zuciyarsa, ta Inna da ta cinikin da ya kufce masa. Da aka feɗe Hajiya, ledar da aka ciro ta kai girman kabewa, har da guntun igiya da kunnen silifa. Na duba naman, lafiyarsa lau. Da na koma biro na ba shef labari, abin da ya fara tambaya shi ne ko na ƙona asansin gwamnati, wato man moto, a kan zaman makoki.

To, abin da na ɗauka daga ranar ke nan. Mu bisashe muke dubawa, amma kowace bisa akwai mutum riƙe da igiyarta. Ku nemi wannan mutumin, ko da an ce muku ba ya ganewa. Ku zauna daidai da shi, ku kira sunansa, ku yi magana gajera, in ba ku ji ba ku ce ba ku ji ba. Amin ɗin da ake ce wa mutum ba a saurare shi ba, raini ne da ya sa rawani. Mutanenmu kuma ba mugunta ke sa su ɓoye-ɓoye ba, tausayi ne da ba ya tambayar wanda ake tausaya wa.

Da zan tafi Laminu ya biyo ni har gindin moto da cinya guda a ƙunshe cikin takardar siminti, don ya hana a sa naman a leda. Na ce ya bar shi, sadaka ce ta mabukata. Ya tura mini shi a ƙirji ya ce, "Karɓi. Kai ka hwara yi mini gaisuwa."