Itacen da muka tarar a zango

Da safen nan jikana Nura ya juye ruwan zafin fulas kakaf, ya ajiye shi wayam ya fice. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai Kawu Iro ya faɗo mini a rai.

Kafin a ba mu 'yancin kai, ina saurayi, na raka shi daga Bungudu zuwa Tsafe a ƙafa, ta cikin gandun daji. Tsakiyar sanyi ce. Da magariba muka isa gindin wata tsamiya da matafiya ke yada zango, yatsuna sun ƙage, ko igiyar kaya na kasa kwancewa. Sai ga busassun itace a tare, har da ƙirare. Wutar da muka hura da su ita ta kwana da mu.

Gari na wayewa na ɗauki kayana. Kawu ya kashe wuta, ya ce in sauke, mu shiga tsintar itace tukuna. Raina ya ɓaci, ga raɓa, ga tafiya a gabanmu.

Na ce, "Kawu, wa za mu tara wa? Mu dai mun gama."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Wanda ya tara muna na jiya, ka san sunanai?"

Na sauke kaya.

Har yau ban san wa ya ji ɗumin itacenmu ba. Nura dai yana dawowa zai ɗora ruwa. Ku fa, wa ya taɓa tara muku?