Fatar da tsohon Karachi ya kawo daga Mina

Shekarun baya da nisa, lokacin da alhazai ke zuwa Jidda a jirgin ruwa, ina aikin dako a masaukin alhazai na kusa da tasha. Hammali ake ce mana. Ban yi karatun kirki ba. Abin da na iya shi ne ɗaukar akwati, sai kuma gane ɗan'uwana daga ganin fuskarsa. Wannan na biyun ma ashe ban iya ba.

Bayan an gama aikin Hajji, cikin alhazan Pakistan masu jiran jirgin komawa, na hangi wani tsoho baƙi wuluk, sumarsa irin tamu, yana zaune kusa da wani ƙunshi da ƙudaje suka yanyame. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da hutawa, ya gajiyar aiki?" Ya dube ni bai tanka ba. Na ce a raina, ga Bahaushe ya sa kayan Indiyawa yana mana girman kai. Sai da na juya harshe sannan ya amsa, da gurgun Larabcin da ya tsinta a aikin jiragen ruwa. Ya ce shi mutumin Karachi ne, Shidi ake ce wa jama'arsu. Daga Afirka aka kwaso kakanninsu ta teku, kuma ba wanda ya san daga wane gari.

Ƙunshin kuwa fatar bijimi ce. Sun haɗa hannu da wasu sun yi hadaya a Mina, ya roƙi fatar aka bar masa, ya barbaɗa mata gishiri. Ta fara wari, kuma ya san ba za a bar shi ya shiga jirgi da ita haka ba.

Na kai shi unguwar Hindawiyya wurin abokina, Bahaushen Sudan, majemi ne tun kaka da kakanni. Abokina ya baje fatar ya ce, "Ya ammi, me za a yi da ita?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Abin albarka ne. Na gida."

Abokina ya ce, "Halas, na gane." Alhaji da fatar hadaya, ai sai shimfiɗar sallah. Ni ma haka na ɗauka.

Jirginsu ya yi jinkiri kamar yadda aka saba, aka kwashe makonni. Abokina ya ajiye aikin mutane ya duƙufa a kanta. Ya cire gashin, ya jiƙa ta da bagaruwa, ya yi ta murza ta da mai har ta yi laushi kamar zane. Shi kuma tsoho ya zama ɗan gida a wurinmu. Mahaifiyata ba ta jin maganarsa, amma kullum sai ta ce, "Ku ƙara masa tuwo, wannan jininmu ne, ɓata ya yi."

Ranar da aka sanar cewa jirgi ya kusa tashi, muka je karɓo fata. Abokina ya warware ta yana murmushi. Tsoho ya kama gefenta, ya ja, ya ga tana bin hannunsa. Ya buga mata yatsa. Ba ta ce komai ba. Sai ya zauna a ƙasa, cikin ruwan jima da komai, ya rufe fuskarsa da rawani.

A nan ne ya gaya mana. Jama'arsu suna da wata babbar ganga da suke kira mugarman, mai ƙafafu, tana tsaye har ƙirjin mutum. Ita kaɗai ce abin da ya rage musu daga kakanni, ita da wasu waƙoƙi da su kansu ba su san ma'anarsu ba. Ana yi mata turaren lubban kafin a buga, ba a taka rawarta da takalmi. Shi ne mai riƙonta. Fatarta ta yage, an daina kiɗa a unguwarsu, kuma da zai taho ya yi wa tsofaffinsu alkawari cewa da fatar hadayarsa zai rufe ta kafin ya miƙa ta ga mai gadonsa.

Kowa ya san fatar ganga ba a jeme ta. Kankarewa ake yi a shanya ta ɗanya, ta bushe ƙamas.

Abokina ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, "Haba ya ammi, ai na tambaye ka. Me ya hana ka ce ganga?"

Tsoho ya ce, "A ƙasar Manzon Allah? Da haramina ko bushewa bai yi ba? A garinmu ma dariya ake mana, ana cewa kayan bayi ne. Na ji tsoro ku ce ba ni da addini."

Na ce, "Baba, mu da muke kiɗan mizmar ranar Sallah muna zagaya wuta da sanduna? Da ka tambaya, da ka ji mun fi ka laifi."

Ya ɗan murmusa, amma idonsa na kan fatar.

Washegari da sassafe abokina ya tafi mayanka ya samo fatar wani bijimi da aka yanka a ranar. Muka kankare ta tare, muka kafe ta da turaku a rana. Muna cikin aikin sai ya ce da ni, "Ɗan'uwa, mu ce masa cikin fatun Mina ce da suka rage min. Wa zai sani? Hankalinsa ya kwanta."

Na ce ni dai ba zan fara maganar ba, amma in ya tambaye ni ba zan iya ba.

Ya kuwa tambaya. Da ta bushe, ya ƙwanƙwasa ta, ta amsa. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya dube ni ya ce, "Ta hadaya ce?"

Na ce, "A'a, Baba. Ta mayankar Jidda ce. Naman ma an sayar a kasuwa."

Abokina ya harare ni. Tsoho ya sake duban fatar. Sannan ya ce, "Su wa suka kankare ta?"

Na ce, "Mu biyu."

Ya kama hannayenmu ya juya su yana dubawa. Ya ce, "To, tayyib. Zan gaya musu alkawarina ya karye, kuma tsorona ne ya karya shi. Wannan za ta hau kan gangar, na ce 'yan'uwanmu ne suka gyara ta. Ta Mina kuma a shimfiɗa ta a ƙasa, gangar ta tsaya a kanta."

Ni na ɗauki kayansa har bakin jirgi. Ban sake jin labarinsa ba.

Yanzu bayana ya gaji, dako ya ƙare. Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba mai yawa ba ne: in mutum ya sunkuyar da kai yana ba ka amsa, kada ka ce ka gane, ka sake tambaya. Mu Hausawan da aka haifa a nan Jidda har gobe baƙi ake kiranmu, na san nauyin ɓoye abin kakanninka don kada a raina ka. Ban taɓa jin muryar gangar nan ba, ban kuma san ko ana buga ta har yanzu ba. Ina dai fata wanda ya gaje ta ba ya jin kunyar faɗin sunanta.