Mansir, Inuwar Hajiya Sahadatou

Mansir ya shigo Kwatano a saman buhunan albasa, cikin jirgin ƙasan Paraku, a shekarar da aka sauya wa ƙasa suna, aka ɗaga koriyar tuta mai jan tauraro. Ɗan kokawa ne daga wajen Malanbil, irin ƙartin da sai sun karkace kafin su shige ƙofa. Bai taɓa faɗin abin da ya raba shi da gida ba. Wasu sun ce haƙarƙarin ɗan mai gari ya karya a fili, wasu sun ce yunwa ce kawai. Da ya sauka bai san kowa ba, sai ya bi ƙamshin tsire har Zango, ya shimfiɗa buhu a barandar masallaci, washegari ya shiga dako a kasuwar Tokpa.

A nan Hajiya Sahadatou ta gan shi. Bazawara ce mai shagon atamfa a Misebo, ta girme shi da 'yan shekaru, ba ta haihu ba, daga ita sai Goggo Dija ƙanwar babanta a ƙaton gida. 'Yan Legas na tsallako iyaka suna kwasar atamfar Holan a hannunta kamar ana rabon sadaka. A makon nan ɓarayi sun fizge mata jaka a bakin gada, har suka yaga mata kunne. Sai ga wani ƙato da dila a ka, wata a hammata, yana ɓare gyaɗa da ɗaya hannun. Ta sa aka kira shi, ta ɗauke shi aikin tsaronta.

Zamani ne da ba a son a ji wane yaron wane ne. Kowa kamarad ne, da mai mota da mai wanke masa ita. In aka tambayi Hajiya wane ne wannan dutsen da ke bin ta, sai ta ce kamarad ne, hanya ce ta haɗa su. Haka hanya ta yi ta haɗa su kullum, daga Zango zuwa Misebo, daga Misebo zuwa bakin iyaka, ita a gaba, shi a baya da lema.

Wanda ke tafiya a baya fuska ba tasa ba ce. Ƙeyarta ya sani, da dugaduganta, da yadda take yarfa gyale. In ta yarfa hagu ciniki ya yi daɗi, in ta naɗe shi a wuya kowa ya kama kansa. Aikinsa ya dubi kowa ban da ita, ya kuwa riƙe amana, sai dai ido ba ya jin magana.

Da yamma a ajiye masa kwano a zaure, ya ci shi kaɗai yana kallon titi. Ita ma can ciki ita kaɗai take ci, don Goggo Dija da an sallame magariba ta fara gyangyaɗi. Rediyo ce ke yi musu hira su biyun, tana ta ihun juyin juya hali ta cikin bango. Tun naman kwanonsa na tsoka ɗaya har ya koma ana tono shi ƙarƙashin tuwo, a ɓoye, kamar kayan fasa-ƙwauri. Bai yi godiya ba, ita ma ba ta tambaya ko ya gani ba.

Wata Asabar aka fito da unguwa kaf aikin gayya, a share kwata a yi kunyoyin shuka. Hajiya ta fito da atamfa sabuwa fil, ta riƙe fartanya kamar ludayi. Mansir ya gama kunyarsa, ya faki idon mai kula da aikin ya gama tata, sannan ya ɗebi ƙasa ya ce ta shafa a hannu kada a ce 'yar jari-hujja ce. Ta yi dariya har ta dafa kafaɗarsa. Sau ɗaya ke nan. Ya yi kwanaki yana ɗaukar kaya a ɗaya kafaɗar.

Goggo Dija ce ta tada zancen. Ta ce mutane sun fara magana: uwar ɗaki mai arziki, yaronta ya yi gemu ba mata, abin kunya ne. A Zango baƙon da ba shi da dangi, wanda yake cin tuwonsa shi ne ubansa, shi zai nema masa aure ya yi masa komai. Hajiya ta ce gaskiya ne. Aka shiga nuna wa Mansir 'yan mata.

Ta farko ya ce muryarta irin ta usur ɗin jandarma ce. Ta biyu ya ce in ta yi miya sai an kai wa miyar ceto. Wata ya ce ta cika gajarta, zai iya taka ta bai sani ba. Goggo ta ce wannan yaro ba mata yake nema ba, aljana yake nema. Sai aka kawo Bibata, 'yar wani mai sayar da hatsi, kyakkyawa mai hankali, har ta yi lakwal, wato makarantar boko. Mansir ya juya ta a ransa ta kowane gefe, aibi ya ƙi samuwa. Goggo ta fara guɗa a ciki-ciki. Hajiya na ninke atamfa, ba ta ko ɗago ba ta ce ita yarinyar ba ta yi mata ba, gaisuwarta a tsaye take. Goggo ta ce ai har ƙasa ta durƙusa. Hajiya ta ce to durƙuson bai kai zuci ba.

Mansir na bakin ƙofa. Ranar ya fahimci ba shi kaɗai ke neman aibi ba.

Ya kai kukansa wajen Baba Kassoum, wani dillalin shanu da suke haɗuwa wajen mai shayi. Tsohon ya saurare shi yana kaɗa kofi, ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya daina. Ya ce a idon Zango Hajiya uwarsa ce, ba dattijon da zai ɗauki goro daga zaurenta ya shigar mata da shi ɗaki. In da gaske yake sai ya bar gidan, ya zama ɗan wani, ya tsaya da ƙafarsa har mutane su manta da kwanon zaure. Kuma kada ya kuskura ya faɗa mata dalili, don mai cin tuwon mace ya buɗe baki ya ce yana son ta, cin amana za a kira shi, ita kuma a ce dama can suna tare a ɓoye. Mansir ya tambaya in ta yi fushi fa, ko wani Alhaji ya riga shi. Baba Kassoum ya ce wannan kuma ba dillalin da ke lamuni a kansa.

Ya same ta a shago da hantsi, ya durƙusa ya ajiye lemar a gabanta.

"Hajiya, sallama na zo yi. Zan koma kara wajen Baba Kassoum."

Ta daɗe tana kallon lemar.

"An yi maka wani abu ne a gidana?"

"Ko kusa, ranki ya daɗe."

"To shanu sun fi ni bukatar tsaro ke nan."

"Su ba sa yarfa gyale, Hajiya. Sun fi sauƙin karantawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta juya wajen mai ciniki. Karon farko da ya tafi ya bar ta a bayansa ke nan, bai kuwa waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya sai ya koma ɗaukar lema.

Shekarun kara ba su da labari mai daɗi. Ya tari shanu a tashar jirgi, ya kora su bayan gari, ya koyi duba haƙori da taɓa tozo. Rumfa ce ɗakinsa. Abinci kuwa wajen 'yan tuwo-tuwo, inda ba mai ɓoye maka nama sai dai a ɓoye maka shi gaba ɗaya. Abokan aiki suka sa masa suna Gwauron Bijimi, yana taya su dariya. Wani lokaci ya hango ta a Tokpa da sabon mai tsaro, wani mai tumbi da ke tafe yana kallon masu soya doya. Sai ya bi su daga nesa har ta shige shago lafiya, ya koma wajen shanunsa. In suka yi kiciɓis ya gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai karɓar haraji.

Aka rufe iyakar Najeriya, Misebo ta yi tsit, masu zuwa gaishe da Hajiya suka ragu, mai tumbi ma ya kama gabansa. Alhazawa biyu sun nema, ta ce ba yanzu ba. Mansir ya ji, bai san ko murna zai yi ko tsoro ba, don shi ma ba yanzu ba ɗin na iya hawa kansa.

Sai da ya mallaki 'yan shanunsa, yara suka fara ce masa Malam Mansir, sannan Baba Kassoum ya sa babbar riga ya ɗauki ƙwaryar goro ya nufi gidan. Goggo Dija ta ji saƙo ta riƙe haɓa. Ta ce bazawara ita ke da bakinta, ta shiga da goron ciki. Ƙa'ida sananniya ce: in an raba goro an karɓa, in an maido shi an ƙi.

Hajiya ba ta raba ba, ba ta maido ba. Ta lulluɓe shi da ɗanyen ganye, kullum ta yayyafa masa ruwa. Saƙo ɗaya ta aiko: a tambayi mai goron, shekarun nan da ya bar ta tana zaton ta yi masa laifi, wa zai biya ta su? Mansir ya shiga neman amsa. Baba Kassoum ya ce kada ya nemo, ba tambayar amsawa ba ce.

Mako ya bi mako. Mansir ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Goggo ta riƙa aiko da labari a ɓoye: goro ya fara yaushi, ta ce wa Hajiya ko a ci ko a mayar, kada ya ruɓe a jawo musu abin faɗa.

Wata Juma'a bayan an sauko, Mansir na zaune shi kaɗai a gindin katangar masallaci yana neman takalminsa da ido, Baba Kassoum kuwa ya yi arewa sayen shanu. Wani baƙo ɗan Jugu ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Ya ce ci, na aure ne, yanzu ake rabawa a ƙofa, sai dai masu shi marowata ne, duk ya yi yaushi. Wai wata Hajiya mai atamfa ce za ta auri wani tsohon ɗan kokawa.

Mansir ya tambaye shi ko ya san mutumin. Baƙon ya ce ina fa, amma ko wane ne ya sha jira.

Mansir ya karɓa da hannu biyu, ya juya fuska wajen katanga, ya ci.